Haɗari, Diyya da Lamuni: Matsayin Ɗalibi Mai Koyon Aiki a Ƙasar Bauchi

1.0 Gabatarwa

Duk shekara idan zangon karatu ya zo ƙarshe, ɗimbin ɗaliban manyan makarantun Bauchi sukan ajiye littafi su bazu cikin ma'aikatu da gareji da asibitoci da gonaki domin koyon aiki a aikace. Wasu daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa suke, wasu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, wasu daga ta Abubakar Tatari Ali, wasu kuma daga jami'ar jiha ta Gadau, wadda yanzu take ɗauke da sunan Malam Sa'adu Zungur. Abin da ke ran mafi yawansu shi ne samun wurin da zai karɓe su da kuma cika littafin rahoto. Ba safai ake samun wanda ya tsaya ya tambayi kansa ba: idan inji ya cinye mini yatsu a wurin nan, ko mota ta kaɗe ni a kan hanya, wa zai biya kuɗin asibiti?

Wannan maƙala za ta dubi wannan tambaya. Da yake mu ɗaliban harshe ne, za a fara da kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a wannan fage, domin rikicin da ake samu wajen fahimtar inshora daga nan yake somawa. Bayan haka sai a dubi tsarin koyon aikin da dokokin da suka shafe shi, tare da misali daga gundumar Zungur ta Ƙaramar Hukumar Bauchi.

2.0 Kalmomin da ke Cikin Batun

Da farko a rarrabe hadari da haɗari. Hadari shi ne wanda yake haɗowa a gabas da damina, haɗari kuwa shi ne abin da ke iya cutar da mutum. Ƙugiyar nan guda ita ce ta raba su a rubuce, kuma masu buga takardu da kwamfuta sun sha zubar da ita, har ka ga an rubuta "hadarin mota" kamar motar ce za ta zubar da ruwa. Kalmar haɗari aro ce daga Larabci, kuma tana da abokiyar tagwaitaka, wato hatsari. Dalili kuwa shi ne harafin ɗa na Larabci yakan shigo Hausa ta hanya biyu, wani lokaci a matsayin ɗ kamar a ɗalibi da sharaɗi, wani lokaci kuma a matsayin ts kamar a tsibbu. Asalinsu ɗaya ke nan.

To, a nan matsala take. Masana kariya a wurin aiki sun raba abubuwa uku waɗanda mu da kalma ɗaya muke kiran su. Ɗauki wayar lantarki da fatarta ta zare, tana kwance a tsakiyar ɗakin walda. Ita wayar kanta abu ne mai iya cutarwa. Yiwuwar wani ya taka ta, da girman cutar da za ta biyo baya, wani abu ne daban, domin yana ƙaruwa idan ƙasa ta jiƙe ko mutane sun yi yawa, yana raguwa idan an kulle ɗakin. Idan kuma har an taka ta wuta ta ja mutum, wannan shi ne abu na uku. A ganina zai kyautu mu kira na farko tushen haɗari, na biyu yiwuwar haɗari, mu bar wa na uku kalmar hatsari. Shawara ce kawai, domin jaridu da gidajen rediyo suna musanya kalmomin biyu yadda suka ga dama, amma mai fassarar takardar inshora ba shi da wannan sararin.

Ta wani ɓangaren kuma Hausa ta fi wadata. Muna da tsautsayi, wanda yake faɗa wa mutum ba da shirinsa ba. Muna da sakaci, wato barin abin da ya kamata a yi. Muna da ganganci, wato aikata abin da mai hankali ya san ƙarshensa ba kyau, sannan ga kasada, wadda mutum yake shiga da saninsa domin wata riba da yake hange. Mai gareji da ya bar injin niƙa ƙarfe babu murfi ya yi sakaci. Ɗalibin da ya sa hannu cikin injin yana juyawa ya yi ganganci. Amma ranar da abin ya faru, sai ka ji kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Da wannan kalma guda ake rufe bakin magana, a wanke mai laifi, a bar iyayen yaro da takardar magani a hannu.

Sai kuma kalmomin biya. Diyya haƙƙi ce, ana bin ta bashi. Gudummawa da tallafi da kuɗin jaje kuwa alheri ne, mai bayarwa ne yake yanke adadinsu, in ya ga dama ya hana. Lamuni, wadda ita ma daga Larabci take, ta bi hanyar da alƙali da alwala da lamiri suka bi, inda harafin lodi ya koma l, tana nufin tsaya wa wani da alƙawarin ɗaukar nauyinsa. Inshora, wadda muka aro daga Turanci, ba wani abu ba ne illa lamuni na kuɗi: jama'a da yawa su riƙa zuba kaɗan-kaɗan, wanda abu ya sama a biya shi daga abin da aka tara, bisa sharuɗɗan da aka rubuta tun kafin abin ya faru.

Misalin bambancin diyya da tallafi a nan gida ya faru. A rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011 an kashe masu yi wa ƙasa hidima goma a Jihar Bauchi. Gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta ba iyalan kowannensu Naira miliyan 5. Shugaban ƙasa ne ya ayyana wannan kuɗi bayan abin ya auku, kuma duniya duka tana kallo. Ɗalibin da ya ƙone a wani ƙaramin gareji ba mai kallonsa, don haka abin da aka rubuta kafin ya fara aiki shi kaɗai zai tsaya masa.

3.0 Tsarin SIWES da Wanda ke Ɗauke da Nauyi

A koyon sana'a irin na gargajiya ba a wannan tambaya. Idan uba ya kai ɗansa wurin maƙeri ko magini, ya danƙa amana ke nan, kuma duk unguwa ta san cewa ci da sha da jinyar yaron suna wuyan ubangidansa. Tsarin zamani ya raba wannan nauyi gida uku, kuma abin da aka raba gida uku shi ne kowa yake tsammanin yana hannun ɗan'uwansa.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, a 1971, hedikwatarsa tana Jos. Asusun ne ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, saboda koken masu masana'antu cewa waɗanda suka gama karatu suna zuwa da ilimin takarda babu na hannu. Da nauyin kuɗi ya yi masa yawa sai ya janye a 1978, aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i ta NUC da ta makarantun fasaha ta NBTE a 1979, sannan aka mayar masa da shi a 1984. Bisa ƙa'ida ɗaliban jami'a wata shida suke yi, na kwalejojin fasaha da na ilimi kuwa wata huɗu.

Ƙa'idojin shirin sun ɗora wa ITF samar da inshora ga ɗaliban da ke wurin koyon aiki. Sun ɗora wa ma'aikatar da ta karɓi ɗalibi ta haɗa shi da ƙwararren da zai lura da shi, ta kuma kula da lafiyarsa gwargwadon yadda take kula da ta ma'aikatanta. Makaranta kuwa ita ce take shirya ɗalibai, ta haɗa jerin sunayensu da wuraren da aka tura su, ta aika da malamai su duba su. A takarda tsari ne mai kyau. Sai dai duk yana rataye ne a kan abu ɗaya, wato a san cewa wane yana wuri kaza daga rana kaza. Wannan shi ne amfanin takardar fara aiki da ake kira SCAF, wadda ma'aikata take sa wa hannu a kai ofishin ITF mafi kusa, da littafin rahoto da mai duba aiki yake sa wa hannu mako-mako, da kuma Fom 8 da ake cikawa a ƙarshe. Ɗalibai sun ɗauki waɗannan takardu a matsayin hanyar samun maki da ɗan alawus. Alhali kuwa ranar da aka shiga uku, su ne shaida.

4.0 Misali Daga Zungur

Mu ƙaddara ɗalibai biyu ne 'yan gundumar Zungur, dukansu suna karatun aikin gona. Makaranta ta tura su wata gona a wata ƙaramar hukuma mai nisa. Na farko ya tafi inda aka tura shi. Na biyu ya duba kuɗin haya da na abinci ya ga ba zai iya ba, sai ya nemi wata gonar kusa da gida, wadda mai ita abokin mahaifinsa ne, ya ci gaba da zuwa can ba tare da ya sanar da ofishin SIWES na makarantarsa ba. Ba wanda zai zarge shi da lalaci, domin talauci ne ya sa, kuma mai yiwuwa ma ya fi na farkon koyon aiki.

Ana nan cikin damina, sai kububuwa ta sari kowannensu a bakin aiki. Na farko sunansa yana cikin jeri, wurin da abin ya faru shi ne wurin da takarda ta ce yana nan, mai duba aikinsa ya sa hannu a littafinsa makon da ya wuce. Yana da ƙafar da zai tsaya a kai ya nemi haƙƙi. Na biyu kuwa a idon takarda yana wata gona daban, gonar da ba ta taɓa ganinsa ba. Wadda yake zuwa kuma ba ta da ko wasiƙa ɗaya mai sunansa. Abin da zai samu ya koma ga kirkin mai gona, wato daga diyya an koma gudummawa. Da ya rubuta wasiƙar canjin wuri, aka sa hannu, aka gyara jerin, da ba a kai ga haka ba.

Tun da an ambaci maciji, a lura cewa saran kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma tsaga wurin da reza ko ɗaure shi tamau ƙara ɓarna yake yi. Asibiti ake nufa kai tsaye. Asibitin Kaltungo, wanda yake cikin tsohuwar Jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996, ya yi suna a kan wannan jinya.

5.0 Abin da Doka ta Tanada

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ita ce ta maye gurbin ta 1987, kuma hukumar NSITF ce take gudanar da ita. Ma'aikata tana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da take biya, kuma an hana ta cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Abin da ya shafe mu shi ne yadda dokar ta fassara ma'aikaci. Ta ce shi ne wanda aka ɗauka bisa yarjejeniya ta baka ko ta rubutu, ko na dindindin ne, ko na wucin gadi, ko ɗan ƙwadago, ko mai koyon sana'a. Tun da kan yarjejeniya abin ya tsaya, wasiƙar karɓar ɗalibi ta zama abin adanawa, a yi mata hoto a bar kwafi a gida.

Dokar ta kuma haɗa da hatsarin da ya auku a kan hanya tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci, ko wurin da ya saba cin abinci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tasowa daga ƙauyukan Zungur kullum safiya zuwa cikin birni. Amma akwai wa'adi. Wanda ya ji rauni, ko danginsa, ya sanar da ma'aikata cikin kwana 14. Ma'aikata ta kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara guda. Al'adarmu ta kawaici a nan take cutar da mu: ana jinya, ana karɓar 'yan dubiya, ana jin nauyin tayar da maganar kuɗi, kafin a farga wa'adi ya wuce.

Akwai wasu inshorori biyu da ɗalibai suke rikitawa da wannan. Ta farko ita ce ta lafiyar ɗaliban manyan makarantu, wato TISHIP, wadda take ƙarƙashin hukumar NHIA da dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS. Galibi cikin kuɗin rajista ake biyan ta, kuma asibitin makaranta ne matakin farko, saboda haka wanda za a tura nesa ya tambaya tun kafin ya tafi ina zai je idan ciwo ya kama shi a can. Ta biyu ita ce inshorar abin hawa ta dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Wannan tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne, ba ta biyan kai mai tuƙi. Kuma wadda aka saya ta jabu a bakin titi don a nuna wa 'yan sanda ba ta biyan kowa.

6.0 Kafin a Kai ga Diyya

Inshora ba ta mayar da yatsa. Masana sun jera ta ne a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin tunkarar haɗari, bayan kauce masa da rage shi. A wajen ragewar ma akwai fifiko: a kawar da tushen haɗarin gaba ɗaya in zai yiwu, ko a musanya shi da mai sauƙi, ko a sa shinge tsakaninsa da mutum, ko a tsara aiki da horo. Kayan kariya irin su hular kwano da safar hannu da tabarau da takunkumi su ne na ƙarshe a jerin, duk da cewa mu su muke fara tunawa.

Mai koyon aiki ya fi kowa shiga haɗari saboda baƙo ne, kuma yana jin kunyar tambaya kada a ce bai iya ba. Ɗalibin gwaje-gwajen asibiti ya tuna cewa Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, kuma cutar tana bin jini da sauran ruwan jiki. Ya yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ya fara. Idan allurar da aka yi wa majinyaci ta soke shi ya faɗa nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Ɗalibin gona kada ya yi feshi yana fuskantar iska, kada ya ci goro ko ya sha ruwa da hannun da ya dama magani.

Akwai wani haɗarin da ba ya cikin kowace takardar inshora, shi ne na ɗaliba mace da makinta yake hannun namiji guda, a ofishin da ba ta san kowa ba. Duk wadda mai duba aikinta ya fara riƙe littafinta yana cewa ta dawo bayan an tashi, ta rubuta rana da lokaci, ta sanar da malamin da makaranta ta wakilta, ta nemi canjin wuri. Yin haka ba rashin kunya ba ne.

7.0 Shin Inshora ta Halatta?

Ba za a tsallake wannan ba, domin shi ne dalilin da ya sa iyaye da yawa ba sa bin haƙƙin 'ya'yansu. Malamai da dama sun soki inshorar kasuwanci saboda garari, da kamanceceniya da caca, da kuma juya kuɗin cikin riba. Daga wannan suka ne aka samar da takaful, inda masu zubi suke ba da kuɗinsu a matsayin taimakon juna, kamfani kuma ya zama wakili mai kula da asusun. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da tsarin aƙila na fiƙihu, inda dangi suke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure. An kafa kamfanin farko a Sudan a 1979. A Nijeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi a 2016. Dokar inshora ta 2003 kanta an maye gurbinta da sabuwa a 2025. Bahaushen da ya san gayya da adashi ba zai ga baƙon abu a takaful ba. Abin lura kuma, ɗalibin SIWES ba shi ya ƙulla ciniki da kamfani ba, hukuma ce ta ɗauki nauyinsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malaminsa tambayar da wannan bayanin a cikinta.

8.0 Mu Ɗaliban Harshe Fa?

Yawancinmu ba ma cikin jerin kwasa-kwasan SIWES, amma muna fita. Masu haɗa Hausa da ilimi suna zuwa gwajin koyarwa, wasu suna neman wuri da kansu a gidan rediyon BRC ko talabijin na BATV, kuma kusan kowa yana shiga ƙauyuka tattara bayanan kundin digiri. Wanda ya tafi da kansa sunansa ba ya cikin jerin kowa. Don haka ya karɓi wasiƙar gabatarwa daga Sashe, ya bar wa mai duba kundinsa sunan garin da ranar dawowa, ya fara sauka wurin mai unguwa ko dagaci kafin ya kunna rakoda.

Sannan akwai aikin da yake namu. Takardun nan duka da Turanci suke, alhali mai garejin da zai sa hannu da uban da zai bi haƙƙi da Hausa suke tunani. Ga gwaji ga 'yan aji uku masu darasin fassara: a cikin dokar inshora akwai ƙa'idar da ke cewa sai an biya kuɗin zubi kafin kamfani ya ɗauki nauyi. Wani zai ce "ba zubi, ba lamuni", wani ya ce "ba biya, ba diyya". Ta biyun ta fi daɗin faɗa saboda amsa-amo, amma ta farkon ta fi kusa da ma'ana, domin lamuni yana farawa tun ranar da aka biya, diyya kuwa sai abu ya faru. A gwada fassara takardar SCAF gaba ɗaya a kan wannan ma'auni, a miƙa wa editan mujalla kafin fitowa ta gaba.